Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793–1864): Yarinyar da Ta Tashi a Tsakiyar Yaƙi



A wannan fitowa mun ga ya dace mu kawo muku tarihin wata mace wadda sunanta ba baƙo ba ne a kunnuwanmu, domin makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai da yawa a Arewa suna ɗauke da sunan Nana Asma'u. Yawancinmu mun san ta a matsayin malama mai rubuta waƙoƙi, amma ba mu cika tunawa da cewa ita ma ta taɓa zama ƙaramar yarinya ba, marainiya kuma 'yar gudun hijira. Ko da yake hanyar ibadarmu ba ɗaya ba ce da tata, ƙasarmu ɗaya ce. Damuwar da take hana iyaye barci a Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, irinta ce gidansu ya yi fama da ita, wato yadda za a raya yaro da lafiyar jiki da kwanciyar rai a lokacin da duniya ta rikice.

Haihuwarta da gidan da ta tashi

An haifi Asma'u a shekara ta 1793 a Degel, wani ƙaramin ƙauye na malamai da makiyaya a ƙasar Gobir, arewa da inda birnin Sakkwato yake a yau. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda a lokacin bai zama shugaban wata daula ba tukuna. Malami ne mai karantarwa da yawon wa'azi. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Asma'u tana ƙarama ƙwarai, sai renonta ya koma hannun sauran matan gidan, musamman Aisha da Hauwa, mahaifiyar Muhammadu Bello.

Mu Hausawa mun saba jin tatsuniyoyin marainiya da kishiyar uwa, inda ake bai wa marainiya ƙanzo, 'yan ɗaki kuwa su ci tuwo. A gidan Shehu al'amarin ya sha bamban. Matan nan sun riƙe ta kamar su suka haife ta, har ta tashi ba ta da wani ɗan'uwa mafi kusa da zuciyarta kamar Bello, wanda uba kaɗai suka haɗa. Shaƙuwarsu ta ɗore har ƙarshen ransa, suna rubuta wa juna, suna shawara da juna. Irin wannan ba ya faruwa a gidan da manya suke nuna bambanci a kwanon abinci ko a fuska.

Gidan kuwa ba na masu dukiya ba ne. An ruwaito cewa Shehu bai tara tufafi ko kayan alatu ba, har yakan tufka igiya da hannunsa. Abin da gidan ya mallaka shi ne littattafai da tsari. Yara maza da mata suna ɗaukar allo, suna kuma taimakawa a aikin gida, kowane abu da lokacinsa. Karatun mata ba sabon abu ba ne a zuriyar, gama mahaifiyar Shehu, Hauwa, da kakarsa Ruƙayya, masu ilimi ne. Shi kansa Shehu, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da suke karantar da almajirai dare da rana alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Bai tsaya ga faɗa da baki ba, ya aikata a cikin gidansa. Da haka Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta kuma iya Larabci da Fulatanci da Hausa da harshen Buzaye.

Shekarun gudu da yunwa

A watan Fabrairu na 1804, bayan dangantaka ta ɓaci tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, suka tashi daga Degel zuwa Gudu. Asma'u tana da kamar shekara goma sha ɗaya. Ta bar ɗakin da aka haife ta da duk wuraren da ta saba wasa, ta bi ayarin mata da yara da tsofaffi. A watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto. Kafin shekarar ta ƙare aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda jama'ar suka yi asarar kimanin mutum 2,000. Daga nan sai ƙaura bayan ƙaura, zuwa Sabon Gari a ƙasar Zamfara, sa'an nan Gwandu, ga yunwa, ga zazzaɓi, ga gawawwakin waɗanda yarinyar ta sani da sunayensu.

Wutar wannan yaƙi ba ta bar ƙasarmu ba. A wajejen 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita daga birni da jama'arsa, daga baya zuriyarsa ta zauna a Zango da Baure, kuma sai a farkon mulkin Turawa sarautar ta komo gidansu ta hannun Malam Musa. Saboda haka a daidai lokacin da Asma'u take gudu a yamma, 'ya'yan Daura ma suna gudu a gabas. Yaƙi ba ya tambayar yaro ɓangaren da ubansa yake. A kowane gefe an bar marayu, an kama mata da yara an raba su da danginsu.

Mene ne ya tsare hankalin wannan yarinya a cikin irin wannan hali? Abu biyu sun bayyana a tarihinta. Na farko, ba a raba ta da manyan da ta saba da su ba. Duk inda aka yada zango, fuskokin da ta sani suna nan. Na biyu, karatu bai tsaya ba. Lokacin tashi daga Degel an ɗora littattafan Shehu a kan raƙuma, shi kuma ya ci gaba da rubutu da karantarwa a duk shekarun yaƙin. Yaron da gari ya waye masa a baƙon wuri, amma ya tarar da uwar riƙonsa a gefensa, darasinsa kuma yana nan a lokacin da ya saba, yakan gane cewa duniya ba ta ƙare ba. Masana lafiyar ƙwaƙwalwar yara na zamaninmu sun tabbatar da haka: babu abin da yake kare yaro daga illar firgita kamar samun babban mutum mai ƙaunarsa wanda ba ya gushewa daga gare shi, da kuma tsarin yini da ba ya canjawa.

Aurenta da zaman gidanta

A 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Shekarunta a lokacin kamar goma sha huɗu ne. A nan dole mu faɗi gaskiya, ba kowane abu na zamaninta ne abin koyi ba. Haka al'adar lokacin take, amma yanzu mun san abin da mutanen da ba su sani ba. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, in ta yi doguwar naƙuda, tana iya rasa jaririn, ita kuma ta kamu da yoyon fitsari. Wanda ya taɓa zuwa asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda aka yi shekaru ana yi wa irin waɗannan mata aiki, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Abin da za mu ɗauka daga auren Asma'u shi ne cewa bai kashe karatunta ba. Mijinta malami ne, ya ba ta dama, har suka yi aikin ilimi tare.

An ci Alƙalawa a 1808, jama'a suka zauna a Sifawa, daga baya Shehu ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. A wannan shekarar ce kuma ɗan'uwanta Hassan ya rasu. Tana da shekara ashirin da huɗu ke nan ta rasa uwa da uba da abokin tagwaitakarta. Maimakon ta zauna cikin makoki, sai ta shiga aikin tattara rubuce-rubucen mahaifinta da tsara su, waɗanda ƙaura da yaƙi suka warwatsa. A 1820 ta rubuta littafinta Tanbihul Gafilina, tana kuma renon 'ya'yanta da kula da babban gida mai yawan baƙi. Cikin 'ya'yan da ta haifa akwai Abdulƙadir, wanda ya gaji ubansa a wazirci. Waziri Junaidu, mashahurin masanin tarihin nan da ya rasu a 1997, daga tsatsonta ya fito.

Yadda ta ɗauki baƙin ciki

Ayyukanta fiye da 60 sun iso gare mu, kuma da yawa daga cikinsu waƙoƙin makoki ne. Ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta, ta yi wa 'yar'uwarta Faɗima da aminiyarta Aisha. Ba manyan mutane kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta kuma yi wa wata mata mai suna Zaharatu, wadda ta yaba mata saboda taimakon mata a lokacin haihuwa. A cikin waɗannan waƙoƙi ba ta ɓoye hawayenta ba. Ta bayyana kaɗaicinta da zafin rashin da ta yi, sa'an nan ta lissafa kyawawan halayen mamacin domin na baya su koya.

Wannan abin lura ne gare mu, domin a gidajenmu mun fi koya wa yaro haɗiye damuwa. In an yi rasuwa sai a kore shi zuwa maƙwabta, ba wanda zai zauna ya gaya masa abin da ya faru. In ya yi kuka sai a ce namiji ba ya kuka. Kunyar ɗan fari, wadda asalinta ladabi ne, wani lokaci takan kai uba ya shekara bai yi hira da ɗansa ba. Haƙuri halin kirki ne, amma haƙuri dabam, shiru na dole dabam. Asma'u mace ce mai haƙuri, duk da haka ta sami kalmomin da za ta faɗi abin da yake cinta, kuma a gidan da ake sauraron yara ta koyi hakan.

Magani da 'Yan Taru

A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan, littafi a kan neman waraka ta hanyar ayoyi da addu'o'i bisa ga addininta. Magungunan zamani ba su iso ƙasar ba tukuna, don haka ba za mu nemi maganin ƙyanda ko na zazzaɓin cizon sauro a cikinsa ba. Abin sha'awa shi ne irin matsalolin da ta kula da su: ciwon jiki, da ciki da haihuwa, da kuma tsoro da damuwar zuciya. Ba ta ɗauki damuwar rai a matsayin shagwaɓa ba, ta lissafa ta cikin abubuwan da suke bukatar kulawa kamar kowane ciwo.

Babban aikinta kuwa shi ne 'Yan Taru, wanda ta kafa a wajejen shekarun 1830. Yaƙi ya bar ƙauyuka cike da mata marasa karatu, da yawansu kamammu ne da aka raba da garuruwansu, kuma su ne suke renon yaran da za su zama manyan gobe. Asma'u ta gane cewa ba za a iya isa ga kowane yaro ba sai ta hannun uwarsa. Sai ta zaɓi dattawan mata masu hankali, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan rawani don a san ta. Jaji takan taho Sakkwato a ƙafa da ayarin 'yan mata ƙanana da tsofaffin mata, tun da matan aure masu goyo ba sa iya barin gida. Sukan koyi darussa a cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci masu sauƙin haddacewa, su koma su rera wa na gida a bakin turmi da wurin kaɗi.

Ba ibada kaɗai ake koya musu ba. Akwai tsabta, da gaskiya a ciniki, da zaman lafiya da maƙwabta, da kula da marasa lafiya, da taimakon mai naƙuda, da sasanta masu faɗa. Kyautar da matan suke kawowa, irin su hatsi da zuma da man shanu da zane, takan rarraba wa mabukata. Da haka makarantarta ta zama wurin ciyar da hankali da ciki gaba ɗaya.

Ta rasu a 1864 tana da shekara saba'in da ɗaya, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. 'Yar'uwarta Maryam ta ci gaba da aikin 'Yan Taru, ƙanenta Isa kuma ya mayar da waƙoƙinta da dama zuwa Hausa. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta tare da fassarar Turanci, har duniya ta san ta.

Abin da ya rage gare mu

To, 'yan'uwa, shekara fiye da 160 ke nan da rasuwarta, amma 'ya'yan jiharmu ba su rabu da tsoro da yunwa ba. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su bayan kwana shida, amma duk wanda ya taɓa firgita ya san cewa jiki yakan riga rai dawowa gida. A 2025 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun mutu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Ba mu da ikon tsayar da duk waɗannan masifu, kamar yadda matan gidan Shehu ba su da ikon tsayar da yaƙi. Amma abin da suka yi yana hannunmu.

Ta fuskar jiki, mun fi su sa'a, domin muna da sanin da ba su samu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa ba jiƙo, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, wanda ya yi daidai da lokacin yaye na iyayenmu. Kunun yaro kada ya zama ruwan gero kawai. A sa masa gyaɗa ko wake ko waken suya, a ba shi ƙwai da zogale in an samu. Uba ya tuna cewa tsokar da ake ajiye masa a miya, mai ciki da ɗan yaye sun fi shi bukatarta. A kwana cikin gidan sauro, musamman da damina. In gudawa ta kama yaro a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a kuma nufi asibiti. A kammala allurar riga-kafi. Ta wannan hanya ce aka kai ga tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta daji daga Nijeriya da Afirka baki ɗaya a watan Agusta 2020. Riga-kafi ya fi magani.

Ta fuskar rai kuwa, Hukumar ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 a duniya yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, yawanci kuma ba a ganewa. Yaron da ya daina wasa, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya bari, ko yake zabura cikin barci, ko ya daina cin abinci, ko ya zama mai yawan faɗa, ba lalle iskanci ba ne, ba kuma lalle aljanu ba ne. Sau da yawa tsoro ne ko baƙin ciki da bai sami bakin faɗa ba. Bulala ba ta warkar da wannan. A zauna da shi, a tambaye shi a hankali, a bar shi ya gama maganarsa. In abin ya daɗe, a kai shi ga ma'aikacin lafiya ba tare da jin kunya ba. Matashin da ba a saurare shi a gida ba yakan nemi sauƙi a wajen ƙwaya. Mun tuna yadda shan kodin ya yi ƙamari har gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi da shigo da shi a 2018.

Sauran darussan suna cikin tarihin da muka karanta. Maraya da ɗan riƙo su ci a kwano ɗaya da 'yan gida. 'Ya mace ta sami karatu kamar ɗan'uwanta, kada tiren talla ya cinye mata lokacin makaranta, kada kuma a gaggauta mata aure. Mai koyar da 'ya'yan wasu, ko malami ne ko shugaban jama'a, ya fara da na cikin gidansa. In ƙaura ta zama dole, a yi iyakar ƙoƙari kada a raba yaro da wanda ya saba da shi, kuma ko a ƙarƙashin itace ne a ci gaba da darasi. Iyaye mata dattawa da suke cikinmu, ku ne jajin wannan zamani: amaryar da ta yi haihuwar fari a unguwarku tana jiran wadda za ta leƙa ta, ta nuna mata yadda ake shayarwa, ta kuma lura ko tana cikin damuwa.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai dashe ya san cewa kafin tanƙwarawa sai an ba shi ruwa, an kuma kange shi daga awaki. Haka Aisha da Hauwa da Shehu suka yi wa marainiyar Degel, ba da dukiya ba, ba kuma a lokacin zaman lafiya ba, ita kuma ta mayar da alherin ga ɗimbin uwaye da 'ya'yansu. Allah ya ba mu haƙuri da hikimar renon waɗanda ya damƙa a hannunmu, ya raya mana su cikin lafiyar jiki da kwanciyar rai, ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.